In Ka Taɓa, Ka Tafi Da Ita

Ranar Laraba ce, an tashi daga makaranta, ajin 'yan huɗu ne kaɗai bai yi shiru ba. A nan kulob ɗin ces yake zama, darar nan mai sarki da sarauniya da dawaki da kurata. Malamar Lissafi ce ta kafa shi da yara goma sha huɗu da allon dara uku, ukun ma ɗaya ba cikakke ba ne. Baƙin doki ya ɓata tun zangon da ya wuce, marfin kwalbar lemo ne ke riƙe masa gurbi.

A can bayan aji wani saurayi na durƙushe gaban benci mai karyayyar ƙafa, fensir a bayan kunne, ƙusa uku a baki. Kafintan da hedimasta ya ɗauko ne, aikin da bai fi na awa ɗaya ba.

"Malama, ya taɓa doki ya fasa," in ji wata 'yar ƙarama da ake wa laƙabi da Rediyo, don bakinta ba ya mutuwa.

Malama ta tafa hannu sau biyu. "Mece ce dokarmu ta farko?"

"In ka taɓa, ka tafi da shi," yara suka amsa baki ɗaya.

"In kuma ɗan dara ne ya karkace, kana son ka daidaita shi kawai?"

"Sai ka ce gyara."

"Kafin ka taɓa ko bayan ka taɓa?"

"Kafin."

Dariya ta kuɓuce wa Kafinta, ƙusoshin suka zube ƙasa. Malama ta waiwayo, idonsu ya haɗu. Bawan Allah sai ya nemi abin da ya kawo shi ajin ya rasa. Ita kuwa ta yi saurin mayar da kallonta kan allo, ta gyara mayafin da babu abin da ya same shi.

"Malam, mun dame ka da surutu ko?"

"A'a Malama, ni ne nake damun ku da guduma. Gyara nake yi."

"To ya faɗa kafin ko bayan?" in ji Rediyo. Aji ya ɗauki dariya, har da Malamar.

Aikin awa ɗaya sai da ya kai shi ƙarfe huɗu.

Laraba ta zagayo, sai ga shi da wani abu a naɗe cikin hankici. Baƙin doki ne, na katako, ya sassaƙa shi da hannunsa, ya goge shi sumul ya shafa masa mai. Yara suka yi masa caa. Gwani ne a kan kujera da ƙofa, wannan babu musu, amma a kan doki sai dai a yi masa addu'a. Kunnuwan sun yi tsawo, bakin ya yi kauri.

"Malama, wannan ai jaki ne," in ji Rediyo.

"Abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki," Malama ta ce tana danne dariya. Ta juya shi a tafin hannunta, ta ga yadda ya manna masa ɗan ƙyalle mai laushi a ƙasa don kada ya karce allo. Wannan 'yar kulawar ce ta shiga ranta. "Mun gode, Mai Doki. Allah ya saka da alheri."

Sunan ya bi shi daga ranar.

To daga nan fa bencinan makarantar suka shiga uku. Kowace Laraba sai Mai Doki ya gano wanda ke rawa. In babu benci, tagar aji ce ba ta rufuwa da kyau. In tagar lafiya lau, marikin ƙofa ne. Hedimasta tun yana mamakin kafintan da ba ya karɓar ko sisi, har ya gane inda aka dosa ya zuba ido. Duk ranar da Malama ta ce, "Yau kuma me ya kawo ka?" amsar ɗaya ce.

"Gyara na zo."

Yana gama ɗan ƙwanƙwashe-ƙwanƙwashensa sai ya raɓa ƙarshen benci, gwiwoyinsa har haɓa, yana sauraron darasi. Malama ba ta koyar da yara da dogon bayani. Sai ta kwashe komai daga allo ta bar kurata kaɗai, ta ce a yi tseren zuwa ƙarshe. Wata rana ta zana gidajen dara a tsakar aji da alli, ta sa yara su zama dawaki suna tsalle, biyu gaba ɗaya gefe. Kuma duk wanda aka cinye sai ya miƙa wa abokinsa hannu ya ce na gode da wasa, ko da hawaye a idonsa. Mai Doki ya miƙa wannan hannun ya fi a ƙirga, don babu ɗan aji huɗun da bai lallasa shi ba.

Da sunan neman ƙarin darasi ya karɓi lambarta.

"Malamata, barka da yamma. Na yi tunani a kan dokin nan. Me ya sa shi kaɗai ne ba ya tafiya a miƙe?"

"Saboda irin wasu mutane ne. Sun san inda za su, amma sai sun yi kwana."

"Wannan magana da ni ake?"

"Ni darasi nake bayarwa. Wanda ya tsargu shi ya sani."

Wata safiya kuma ya rubuto: "Yau na yanke katako ba daidai ba har sau biyu. Yayana ya ce ko ba ni da lafiya. Na ce masa lafiyata lau, lissafi ne ya yi mini yawa a ka."

Ta karanta a ɗakin malamai, ta kife wayar a cinya tana murmushi ita kaɗai. Tana son sa, ta daɗe da sanin haka, ba ta kuma yaudari kanta ba. Abin da ke ci mata rai shi ne wata biyar ke nan, mutumin nan bai taɓa buɗe baki ya faɗi kalmar ba. Kullum gyara.

Ana cikin haka Likita ya shigo. Likitan haƙori ne, ɗan aminin mahaifinta, mai fara'a da mota mai sanyi. Duk Asabar yakan je gidansu su buga ces da Abbanta, tsohon ma'aikacin gidan waya wanda ya koya mata wasan tun ba ta kai tsayin tebur ba. Likita bai iya kwana-kwana ba. Tuni ya gaya wa Abba abin da ke ransa, Abba kuma ya ce zai ji ta bakin 'yarsa.

Wata Laraba Mai Doki ya iso ya tarar da motar a bakin get, aji kuma ya cika da sowa. Alluna shida ne sababbi dal, 'ya'yan dara na roba masu sheƙi, kyautar Likita ga kulob. Daga bakin ƙofa ya bi teburan da kallo ɗaya bayan ɗaya. Dawaki ne kyawawa ko'ina, masu kama da dawaki. Nasa babu shi. Ga Likita tsaye kusa da Malama yana yi wa yara bayani, tana dariya.

Mai Doki ya juya da jakar kayan aikinsa ya tafi.

Laraba biyu bai zo ba. Bencina suka huta, Malama ce ba ta huta ba. Ta tura saƙo: "Mai Doki, lafiya?" Ya amsa: "Lafiya lau Malama. Na ga babu sauran abin gyara a wajenku." Malama ya ce, ba Malamata ba. Harafi biyun nan da ya cire sun hana ta cin abincin rana.

Ranar Alhamis da aka tashi, ta tsaya a shagonsu. Ƙamshin katako ya cika wurin, garin zarto har idon sawu. Yayansa na ganin ta ya tuna yana da saƙo a bakin titi.

"Laifin me na yi maka?"

Ya ci gaba da goga wani katako da ya riga ya gogu. "Babu laifi. Kun samu na kanti masu kyau. Jaki kuma ai ba ya shiga cikin dawaki."

Ta dube shi, haushi da tausayi suka haɗu mata. Ta zuge jakarta, ta ciro hankicin nan nasa, ta warware a kan teburin aikinsa. Baƙin dokin ne, kunnuwansa zaƙo-zaƙo.

"Ranar da aka kawo sababbin na ɗauke shi, don kada a haɗa shi da tsofaffi a kai sito. Kullum yana cikin jakata. Har Ummata ta tambaye ni ko laya ce."

Kunya ta rufe shi, ya rasa inda zai sa fuskarsa.

"Ka saurare ni da kyau," ta ce. "Likita ya yi wa Abba magana, an ce in ba da amsa ƙarshen wata. Kai kuma wata biyar kana ce mini gyara ka zo. Ko 'yan ajina sun san ba a gama wasa da gyara. Wata rana dole mutum ya ɗauki ɗan dara ya matsa."

Ya ajiye abin gugar. Ya share hannunsa a jikin riga, sau biyu.

"Malamata, ba gyara nake zuwa ba. Tun benci na biyu ƙarya nake yi. Ina son ki, aurenki nake so. Tsoro nake ji kada a ce ina ni ina ke."

"Alhamdu lillahi, jaki ya yi magana," ta ce, ga dariya ga hawaye.

Sai dai Abba bai yi dariya ba da labari ya je masa. Ya cire tabarau ya ajiye a kan jarida.

"Ni ban raina sana'a ba, kafinta ne ya yi kujerar da nake kai. Amma mutumin da ya yi wata biyar yana laɓewa a bayan benci, sai da mace ta taka har shagonsa sannan bakinsa ya buɗe? Gobe in rayuwa ta matsa, a bayan wa zai laɓe? Ga yaro ɗan gida, na san shi na san ubansa."

"Abba, shi nake so."

Umma ta sa baki daga bakin ƙofa. "Kai ma dai shekara guda ka yi kana kawo wa babana wasiƙun da ba nasa ba."

"Wannan daban," in ji Abba, ya mayar da tabarau. "Ya zo ranar Asabar da la'asar mu zauna a kan allo. Daga nan zan san amsar da zan ba shi."

Shekara ashirin Malama tana wasa da Abba, sau uku ta taɓa cin sa.

Kwana tara suka rage, kulob kuwa ya koma sansani. Rediyo ce ta watsa labari, yara suka ɗauki abin kamar nasu. Kowa da shawararsa. Wannan ya ce ya fito da dawaki da wuri, wancan ya ce ya ɓoye sarki a lungu. Malama ta zaunar da shi tana nuna masa tarkunan Abba ɗaya bayan ɗaya. Ranar Larabar ƙarshe ya yi canjaras da Rediyo, aka yi ta tafi kamar ya ɗauko kofi.

Da safiyar Asabar ya rubuto: "Malamata, in na faɗi fa?"

"Ka miƙa hannu ka ce na gode da wasa. Sauran ka bar wa Allah. Ni dai ina nan inda ka bar ni."

Falon Abba ƙarami ne, kujeru huɗu da agogon bango da kabad mai gilashi. A tsakiya aka ajiye tsohon allonsa na katako, wanda hannu ya cinye wa fenti a gefe-gefe. Mai Doki ya durƙusa ya gaishe shi, aka ba shi fararen 'ya'yan dara. Malama ta kawo ruwa ta koma kujerar lungu ta takure, Umma kuma ta kafa kujerarta a bakin ƙofa wai iska take sha.

Abin mamaki, yaron bai yi wasan kunya ba. Ya fito da dawakinsa, ya ɓoye sarkinsa, ya tsallake tarko biyu. Rabin awa ta wuce ba a ci masa komai ba sai kurtu ɗaya. Har Abba ya ɗan gyara zama ya ce, "Hmm."

Nan ne hali ya yi halinsa. Lokacin tafiyarsa ne, yana cikin tunani, sai idonsa ya sauka a kan farar sarauniyarsa. Ta ɗan karkace. Akwai tsaga siririya daga wuyanta zuwa gindi. Kafinta kuwa in ya ga tsaga a katako, hannunsa ba ya neman izinin kansa. Kafin ya ankara ya ɗauke ta, ya juya ta, yana bin tsagar da babban yatsa.

Abba da Umma da Malama suka zuba masa ido.

Sai a lokacin ya ga abin da ya aikata. Sarauniyar nan ita ce ke tsare ƙofar sarkinsa. Duk inda ta gusa, an gama da shi.

Abba ya sa ɗan yatsa ya sosa kunne. "Kamar na ji ka ce gyara ko? Ka san kunnen tsufa, ya fara nauyi. In ka faɗa, mayar da ita mu ci gaba."

Malama ta sunkuyar da kai. Ita da ke sa yara rera dokar nan duk Laraba, yau ga ta tana roƙo a zuci, ka ce e, don Allah ka ce e. Kalma ɗaya ce, babu wanda zai ƙaryata shi.

Mai Doki ya dubi sarauniyar da ke hannunsa, ya dubi lungun da Malama take.

"A'a Baba, ban faɗa ba. Na taɓa ta."

Ya ajiye ta a wani gida. Tafiya huɗu aka ƙara, sarkinsa ya rasa mafita. Ya miƙa hannu biyu cikin ladabi.

"Na gode da wasa, Baba."

Ya yunƙura zai tashi, zuciyarsa ta gama ba shi cewa ya rasa ta. Abba bai saki hannun ba.

"Zauna. Ina za ka?" Ya juya wajen Umma. "Ke, gaya masa lafiyar kunnena."

"Kunnen da ke jin an buɗe firij daga masallaci?" in ji Umma.

Abba ya yi murmushi, karo na farko tun shigowar baƙon. "Shekara biyu ina wasa da Likita. Yaron kirki ne, ya kuma fi ka iya wasa nesa ba kusa ba. Sau uku na yi masa wannan tambayar, sau uku yana ce mini e Baba, na faɗa. A kan wasan da ko kwabo ba a sa ba. Kai kuwa ka san abin da ka sa a kan allon nan, ka ƙi ɗauka da ƙarya." Ya numfasa. "Na ce kai matsoraci ne. Na janye. Ni ba gwanin dara nake nema wa 'yata ba, wanda zai tsaya a kan abin da hannunsa ya yi nake nema."

Malama ta rufe fuska da mayafi, kafaɗunta na rawa.

"Wannan tsagar da ka gani," Abba ya ɗauki sarauniyar ya danƙa masa, "waccan mai kukan ce ta yar da ita tana 'yar shekara shida. Ka tafi da ita ka ɗinke mini. Sannan ka turo manyanka." Ya nuna 'yarsa da haɓa. "Ita ma waccan, ka riga ka taɓa zuciyarta, ba ka kuma ce gyara ba. Malamarku ta koya maka doka ko?"

Mai Doki ya ce, "In ka taɓa, ka tafi da ita."

"To Allah ya yi muku albarka."

Bai kai bakin titi ba saƙonta ya shigo: "Mai Dokina, yau na ga wanda aka cinye ya tafi da kofi."

Ya tsaya a gefen hanya ya rubuta: "Malamata, alhamdu lillahi. Ki ce wa Rediyo ta sanar."

Bayan wata uku aka ɗaura aure. Likita ya zo, ya yi wa ango murna da zuciya ɗaya, ya ce a kawo masa yaran kulob ya duba haƙoransu kyauta. 'Yan aji huɗu suka zo cikin kayan makaranta an goge su tsaf, suka jeru suna miƙa wa ango hannu ɗaya bayan ɗaya. Rediyo ce ta ƙarshe.

"Yanzu in benci ya karye wa zai gyara mana?"

"Ni mana. Kowace Laraba."

"To ka daina cewa gyara ka zo. Kowa ya gane."

Farar sarauniya ta koma allon Abba, an ɗinke ta yadda sai mai neman tsagar ne zai gan ta. Baƙin dokin kuwa yana kan kabad a ɗakin amarya, da kunnuwansa da komai, ta hana a rage masa ko kaɗan. Allah ya ba su zaman lafiya da zuriya mai albarka, masu faɗin gaskiya ko da za a cinye su.